William Russell (masanin tarihin jaz)

William Russell, wanda aka fi sani da Bill Russell (26 ga Fabrairu, 1905 – 9 ga Agusta, 1992), makaɗi ne ɗan Amurka kuma masanin tarihin kiɗan jaz. An fi tunawa da shi saboda ɗaukar sautin tsofaffin makaɗan birnin New Orleans da ya yi da na'urarsa ta kansa, a lokacin da manyan kamfanonin faifai ba su damu da su ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Canton na jihar Missouri, sunansa na yanka Russell William Wagner. Ya koyi goge irin na Turawa, kuma a shekarun 1930 ya tsara kiɗe-kiɗe na ganguna da sauran kayan bugawa. Daga baya ya ajiye wannan, ya koma tara tsofaffin faya-fayan jaz.

Ɗaukar sauti

Russell yana cikin marubutan littafin Jazzmen na 1939. A wajen binciken littafin ne aka gano Bunk Johnson, tsohon mai busa ƙaho, a garin New Iberia yana aikin ƙarfi, ba haƙora, ba ƙaho. Masoya jaz suka yi karo-karo aka yi masa haƙoran roba, aka saya masa ƙaho. A 1942 Russell da abokansa suka ɗauki kiɗansa a ɗakin ajiya na shagon kayan kiɗa na Grunewald.

A 1944 ya kafa ɗan ƙaramin kamfaninsa, American Music. Tef bai yaɗu ba tukuna, don haka na'urar da yake yawo da ita kai tsaye take yanka sauti a kan faifai. In makaɗi ya yi kuskure, babu gyara, sai dai a ɗauko sabon faifai a sake daga farko. Ya yi aiki a zauren rawa na San Jacinto, inda amon ɗakin ya shiga cikin faya-fayan har ya zama alamarsu. Yawancin makaɗan baƙaƙen fata ne masu aikin hannu da rana, kiɗa sai dare. George Lewis, mai busa kilarinet, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Bayan ya ji rauni a wurin aiki a 1944, Russell ya kai na'urar har gidansa, a can aka ɗauki Burgundy Street Blues tare da Lawrence Marrero da Alcide Pavageau. Sautin bai kai na kamfani tsabta ba, amma irin waɗannan faya-fayan ne matasan Ingila da sauran ƙasashen Turai suka riƙa kwaikwayo bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Shekarun baya

Ya koma New Orleans da zama a 1956, ya buɗe shagon faifai. A 1958 ya zama shugaban farko na ma'adanar tarihin jaz a Jami'ar Tulane, inda shi da Richard Allen suka ɗauki hirarrakin tsofaffin makaɗa a tef. An saba ganinsa a Preservation Hall, ya kuma yi goge a ƙungiyar New Orleans Ragtime Orchestra.

Rasuwa

Ya rasu a New Orleans yana da shekara 87. Takardu, hotuna da faya-fayan da ya tara suna ajiye a Historic New Orleans Collection. Littafinsa a kan Jelly Roll Morton ya fito a 1999.