Battling Siki, ɗan Senegal da ya karɓe kambin damben duniya a Paris

An haifi Amadu Mbarik Fal a shekarar 1897 a Saint-Louis, tsohon birnin kasuwanci da ke bakin kogin Senegal. Yana ƙaramin yaro wata Baturiya ta tafi da shi Faransa, inda daga baya ya wayi gari ba uwa ba uba. Yana da shekara 15 ya fara damben zamani da sunan Battling Siki. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke ya shiga sojan Faransa, ya fito da lambobin yabo na jarumta, sannan ya koma fage ya yi ta karawa a Faransa da Holan.

Ranar 24 ga Satumba 1922 aka haɗa shi da Georges Carpentier, gwarzon Faransa mai riƙe da kambin duniya na ajin masu nauyin kilo 79. Siki da kansa ya bayyana daga baya cewa an shirya da shi ya faɗi da gangan. A tsakiyar wasa ya fasa cinikin. A turmi na shida Carpentier ya sha ƙasa, amma alƙalin wasa ya ce taɗiye shi aka yi, ya ba shi nasara. Dubban ƴan kallo, Faransawa ne fa, suka tayar da ƙayar baya har aka sauya hukunci. Ta haka Siki ya zama haifaffen Afirka na farko da ya ci kambin damben duniya.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Jaridun lokacin ba su yaba wa horonsa ba. Sai suka ce ƙarfin a jini yake, wai mutumin daji ne, ƙoƙon kansa ba ya jin duka, wasu ma suka kwatanta shi da biri. Alhali ɗan birni ne, a Turai ya girma, a hannun Turawa ya koyi sana'ar, ya shafe shekaru yana cin duka kafin ya gwanance. Binciken ƙwayoyin halitta na yau ya nuna cewa gado yana da hannu a tsawo da ƙirar jiki, amma ba a gano wata ƙwaya guda ta dambe ba, kuma bambancin halitta tsakanin ƴan Afirka su ya su ya fi na mutanen kowace nahiya yawa. Wane jini guda ke nan ake nufi?

Shi ma dai Siki ya ba da ƙofa. Ya riƙa yawo da zaki a igiya a titunan Paris, kuɗi na shiga suna fita, ga shan giya. Hukumar damben Faransa ta dakatar da shi, sai da Blaise Diagne, wakilin Senegal a majalisar dokokin Faransa, ya tsaya masa. Ingila ta hana shi dambe a ƙasarta, don haka ya tafi Dublin, inda ranar 17 ga Maris 1923 aka ba Mike McTigue, ɗan ƙasar, nasara da maki bayan turmi 20.

Daga nan ya koma Amurka, tauraronsa na dusashewa. Ranar 15 ga Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a kan titi a New York, an harbe shi sau biyu a baya, yana da shekara 28. Sai a 1993 aka maido ƙasusuwansa Saint-Louis aka sake binne shi.