Ɗan Maraya Jos da Kuntiginsa

An haifi Alhaji Adamu Wayya a garin Bukuru da ke kusa da Jos a shekarar 1946. Mahaifinsa, wanda makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, kuma ba a daɗe ba mahaifiyarsa ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Sarkin ne ya ɗauki nauyin renonsa, daga nan aka laƙaba masa suna Ɗan Maraya.

A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana ƙarami ne ya ga ana kaɗa kuntigi. Da ya koma gida sai ya harhaɗa nasa da hannunsa. Shi dai kuntigi gwangwanin kifi ne da ake lulluɓewa da fata, a soka masa sanda, sannan a ɗaura tsirkiya ɗaya tak.

A zamanin da manyan mawaƙan ƙasar Hausa ke yawo da makaɗa da 'yan amshi suna wasa sarakuna da attajirai, shi kaɗai yake tsayawa da ɗan kuntiginsa. Ya karkata waƙoƙinsa ga talakawa. Ya wasa karen mota, ya soki auren dole da gulma, ya kuma yi wa ma'aurata nasiha.

Gwamnatin Najeriya ta ba shi lambar yabo ta MON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar 20 ga watan Yunin 2015.