Abubakar Imam (1911–1981): Marubucin da ya sa yara suka so karatu

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja ta Tarayyar Nijeriya. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo da littattafan Larabci yaron ya buɗe ido. Daga baya aka sa shi makarantar boko, har ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927. Da ya gama a 1932 sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A wancan zamani rubutun Hausa na boko bai daɗe da kafuwa ba. Ɗan abin da ake bugawa yawancinsa littattafan aji ne: na koyon baƙaƙe, na lissafi, na tsabta da noma, da tarihin da aka fassaro daga Larabci ko Ingilishi. Yaron da ya sha wahala ya iya haɗa baƙi da wasali, in an tashi daga makaranta ba shi da abin da zai ɗauka ya karanta don jin daɗinsa. Karatun da ba a yi kullum kuwa, zubewa yake yi.

Wannan giɓi ne ya dami Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya. A 1933 ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don shiga gasa. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a wurin malamai da yawa alƙalami na addini ne da shari'a da waƙen wa'azi, ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, wadda ake bar wa mata da yara da dare. Duk da haka gasar ta haifar da littattafan da suka zama tushen ƙagaggun labaran Hausa: Ganɗoki na Bello Kagara, wan Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A tare da su aka fitar da Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Imam yana da shekara 22 lokacin da ya rubuta nasa.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan ƙeta, gobe wancan ya rama. Littafin ba ya ɗora wa mai karatu wa'azi. Dariya yake ba shi, ya kuma bar shi da ƙishin sanin abin da zai faru a gari na gaba. East ya ga wannan baiwa, sai ya nemi a ara masa matashin malamin. A 1936 Imam ya zauna Zariya kimanin wata 6, ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga littafi 3 tsakanin 1937 da 1939.

Tsarin littafi na ɗaya ya isa a tsaya a kansa. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a fada, Waziri kuma yana ƙulla makircin da zai halaka yaron da zarar ya fita. Aku ba shi da makami, ba shi da ikon tsare ɗan sarki. Abin da yake da shi labari ne. Duk daren da Musa ya ɗaura niyyar fita, sai aku ya ɗauko wani labari ya riƙe shi har gari ya waye. A littafi na uku akun ne yake koya wa ɗansa Fasih yadda ake sarrafa magana. Wato littafin da aka rubuta domin ƴan makaranta shi kansa darasi ne a kan yadda ake riƙe yaro ba da bulala ba.

Labaran, kimanin 80, da yawansu aro ne daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Indiya da Farisa, da waɗanda ƴan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka tattara, da kuma na gida. Sai dai Imam bai bi su kalma da kalma ba. Ya sauya sunaye da sarautu da abinci da sutura, ya sa mutanen suna gaisawa da zolaya da rantsuwa kamar mutanen Katsina. Labarin Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo ta kuma ƙulla dabarar da ta sa baƙon ya ranta a na kare, asalinsa daga Jamus yake, amma da wuya mai karatu ya gane haka. Ga ɗalibin kimiyyar harshe, a nan darajar aikin take. Imam ya nuna cewa zube na iya ɗaukar abubuwan da a da sai a baka ake jin su: amsa-kama, karin magana, habaici, da gajerun jimloli masu bin juna da "sai" irin na mai ba da labari a dandali.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta har 1951. Kwabo guda ake sayar da ita, kuma kofi ɗaya yakan yi wa mutane da yawa, domin wanda ya iya yakan karanta wa waɗanda ba su iya ba. A 1943 yana cikin ƴan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan haka ya zama ɗan majalisa, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Arewa, ya kuma shugabanci kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a Zariya a 1966. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

Matsalar da ya tarar a Katsina ba ta gushe ba a wannan gefen iyaka. A Gure, tsohuwar cibiyar ƙasar Muniyo da ke gabas da Damagaram, yaro yakan tashi da Kanuri ko Fulatanci ko Tubanci a gida, ya ji Hausa a kasuwa, sa'an nan ya tarar da Faransanci a aji. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan ƙasa, kuma a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko. Amma koyon baƙaƙe daban, samun abin karantawa daban. A gidan da kuɗin gero ke da wuyar samu, littafin labari ba ya cikin lissafi, kuma yaron da bai taɓa yin dariya a kan takarda ba zai ɗauki karatu a matsayin horo.

Hanyar Imam ba ta da tsada. Kofi ɗaya na Magana Jari Ce ya ishi aji guda in malami ya ware ɗan lokaci yana karantawa da murya, ya tsaya a inda labarin ya ɗauki zafi, ya bar littafin inda hannun yara zai kai. Bambancin ƙa'idar rubutu tsakanin Nijar da Nijeriya, irin na harafin ƴ, bai kai ya hana yaro fahimta ba. Abin da ya rage shi ne aikin da Imam ya yi wa Hausa a yi wa Kanuri da Tubanci da Fulatanci: a tattaro tatsuniyoyin da tsofaffin Gure ke bayarwa, a rubuta su da ƙa'ida ba tare da an kashe musu armashi ba, a buga su ƙanana masu araha. Masu sanin ƙa'idojin rubutun waɗannan harsuna suna nan cikin sashen kimiyyar harshe, kuma da yawansu sun kai shekarun da Imam ya rubuta Ruwan Bagaja.