Friedrich Sertürner: Yaron shagon magani da ya gano mofin, ya kusa rasa ransa wajen gwada shi

Duk matashin da ke kwankwaɗar kodin a Birnin Kudu ko Gwaram, ko ya sani ko bai sani ba, mofin yake sha. Hanta ce ke juya wani kaso na kodin ya koma mofin, kuma wannan kason ne ke kashe zafin ciwo, ya kawo maye. Mutumin da ya fara fito da mofin fili wani Bajamushe ne, Friedrich Sertürner, wanda ya rasu a 1841, kuma bai yi karatun jami'a ba.

An haife shi ranar 19 ga Yuni, 1783 a Neuhaus, kusa da birnin Paderborn a Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin gine-gine ne a fadar mai mulkin yankin. Ya rasu yaron yana da shekara 15, bai bar abin da za a ci gaba da karatu da shi ba. A 1799 aka kai Friedrich shagon wani mai haɗa magunguna, Cramer, domin koyon sana'a. Da a nan ne, sai mu ce yaron kemis.

Babban maganin zafin ciwo a lokacin shi ne ofiyom, wani ƙaro da ke fita idan an tsaga kan furen fofi. An yi dubban shekaru ana amfani da shi, amma yana da babbar matsala: ƙarfinsa ba ɗaya ba ne. Wanda aka kawo bana zai iya ninka na bara ƙarfi, alhali a ido duk ɗaya suke. Likita zai auna adadi guda, wani majinyaci bai ji komai ba, wani kuma ya yi barcin da ba a tashi.

Sertürner ya yi tunanin cewa dole akwai wani sinadari guda a cikin ƙaron da ke yin aikin, kuma idan aka ware shi za a iya auna shi daidai. Da 'yan kayan aikin shagon ya dinga jiƙawa yana tacewa. Wajen 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, ya samu wani sinadari da ya ba karnuka suka ɓingire da barci. Da ya cire shi daga ƙaron, ragowar ba ta yi musu komai ba.

Ya wallafa sakamakon a wata mujallar masu haɗa magunguna a 1805 da 1806. Kusan babu wanda ya kula. Masana a lokacin sun ɗauka duk sinadarin da ke aiki a cikin tsiro mai tsami ne, shi kuwa nasa kishiyar tsami ne, kuma ga shi yaro ne da ba a san shi ba.

Ya koma garin Einbeck a 1806, ya buɗe shagonsa a 1809 lokacin da Faransawan Napoleon ke iko da yankin, ya ci gaba da bincike. Ya raɗa wa sinadarin suna daga Morpheus, abin bautar Girkawan da da suke dangantawa da mafarki.

Gwajin da ya fi shahara da shi yana cikin rubutunsa na 1817. Ya samo samari uku, babu wanda ya wuce shekara 17, shi ne na huɗu. Kowa ya sha kimanin miligiram 30. Fuskokinsu suka yi ja, suka ji ƙarfi ya zo musu. Bayan rabin sa'a suka ƙara irin wannan adadi, sai jiri da tashin zuciya. Bayan minti 15 suka ƙara na uku. Nan ciki ya murɗa, jiki ya mutu, suka fara fita hayyacinsu. Sertürner da kansa ya kwanta tsakanin barci da farke. Da ya ga abin ya wuce gona da iri, ya kurɓi ruwan khal mai ƙarfi, ya ɗura wa yaran, suka yi ta amai. Sun kwana biyu suna fama da ciwon kai da na ciki, amma duk sun rayu.

A yau wanda ya yi haka da 'ya'yan mutane kotu zai tsinci kansa, kuma ya cancanta. Sai dai abin lura shi ne yadda abin ya faru: sun ƙara wani kashin tun kafin na farko ya gama aiki a jiki. A cikin minti 45 kowa ya sha kusan miligiram 90, ninkin abin da ake fara ba babba wanda bai saba ba sau da yawa. A cikin rubutun nasa ya gargaɗi mutane game da hatsarin maganin.

Dalilin hatsarin sai a 1973 aka gane shi sosai, lokacin da Candace Pert da Solomon Snyder a Amurka suka nuna cewa akwai wasu gurabe a ƙwaƙwalwa da mofin ke manne musu. Idan ya manne, saƙon ciwo da ke tasowa ta laka zuwa ƙwaƙwalwa sai ya raunana. Rauni yana nan, mutum ne ya daina jinsa. Irin waɗannan gurabe kuma suna nan a sashen da ke sarrafa numfashi. Shi ya sa wanda ya sha fiye da kima numfashinsa ke ja baya har ya tsaya. Jiki kuma yana sabawa, kashin da ya isa jiya yau ba zai isa ba.

Tiramadol, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya fitar kasuwa a 1977, ta wannan hanyar yake bi, ga kuma jijjiga irin ta farfaɗiya da yake jawowa idan ya yi yawa. NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da 100 ne kawai, amma mai 225 ne jami'an NDLEA ke yawan kamawa. Maganin tari mai kodin kuwa, Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Ni a ganina, wanda ya fi rusa aikin Sertürner ba ma ɗan maye ba ne. Mai sayar da haɗi ne, wanda ke ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ya miƙa wa manomin da ya dawo gona da ciwon jiki, babu suna, babu adadi. Idan aka haɗa diclofenac da ibuprofen, aiki ɗaya suke yi, illarsu ga ciki da ƙoda ce ke ninkuwa. Farasitamol ma, idan babba ya wuce giram 4 a yini, hanta ce ke biya. Wannan komawa ce zamanin ƙaron da ba a san ƙarfinsa ba. Mofin ɗin kansa, a hannun likita da ma'auni, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mai ciwon daji ko wanda aka yi wa babbar tiyata ya san darajarsa.

Rubutun 1817 ya kai hannun masanin Faransa Gay-Lussac, ya sa aka fassara shi. Daga nan ƙofa ta buɗe: an ware kwinin na zazzaɓin cizon sauro a 1820, an ware kodin a 1832. Kamfanin Merck ya fara sayar da mofin da yawa a 1827. Jami'ar Jena ta ba Sertürner digirin girmamawa, kuma a 1831 Faransa ta ba shi kyautar Montyon ta faran 2,000, duk da cewa wasu Faransawa biyu, Derosne da Séguin, sun yi aiki a kan ofiyom a daidai lokacinsa, an kuma daɗe ana musun wa ya riga wa.

A gida kuwa bai ji da daɗi ba. Bayan faɗuwar Napoleon, sabuwar hukuma ta ƙi amincewa da lasisinsa, ya rasa shagon Einbeck a shekarar da sunansa ya fara tashi. A farkon shekarun 1820 ya samu wani a garin Hameln, ya yi aure, ya zauna.

Da annobar kwalara ta bazu a Turai a 1831, ya rubuta cewa wani abu mai rai da ke hayayyafa ne ke kawo ta, fiye da shekara 50 kafin Robert Koch ya tabbatar da ƙwayar cutar. Nan ma ba a saurare shi ba. Ya kuma ɓata lokaci mai yawa wajen gyaran bindigogi da harsasai.

Ciwon gaɓɓai ya addabe shi a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Hameln ranar 20 ga Fabrairu, 1841 yana da shekara 57, aka kai shi Einbeck aka binne. Sirinjin allura, wanda ya mayar da mofin maganin da ke aiki cikin mintuna, sai a 1853 ya fito.