Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi Da Dokar Hana Giya

Marigayi Sarkin Zazzau Malam Aliyu Ɗan Sidi jikan Malam Musa ne, wanda ya karɓo tutar jihadi daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wato daga gidan Mallawa ya fito. Mahaifinsa, Sidi Abdulƙadir, shi ma ya ɗan taɓa sarautar Zazzau. Gwamna Lugga ne ya naɗa Aliyu a shekarar 1903, bayan Turawa sun tuɓe Sarki Kwasau. Jama'a sun fi tunawa da shi wajen malanta da waƙa, amma a zamaninsa ne Zariya ta fara fama da wata matsala wadda ba ta taɓa ganin irinta ba.

Tun kafin ya hau gado, ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal cikin 1890, inda suka amince a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta bazu ba. Da aka kafa mulkin Arewa a 1900, sai Lugga ya tsaya a kan wannan doka, alhali kuwa a Kudu kuɗin fiton barasa shi ne babban abin da ke cika baitulmalin gwamnati. Ga Sarki da alƙalansa wannan ba sabon abu ba ne, domin a cikin ganuwa Shari'a ta riga ta yanke wa Musulmin da ya sha giya bulala tamanin.

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, sai al'amari ya sake. Leburori da akawuna da fatake suka yi ta kwararowa daga Kudu da sauran ƙasashe, aka yanka musu wuri a ƙetaren kogin Kubanni, shi ne Sabon Gari. Baƙi Musulmi 'yan Arewa kuma aka zaunar da su Tudun Wada, daura da Ƙofar Doka. Abin lura a nan shi ne, hukumar Turawa ce ke riƙe da Sabon Gari, dogaran Sarki ba su da ta cewa a can. Dokar giya ta 1917 ta sanya Arewa cikin yankin hani, amma ta bar ƙofa: Bature da baƙon da ba ɗan ƙasa ba suna iya neman takardar izini. Abin da izini bai kawo ba kuwa, 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa ɓoyo shi cikin kayan jirgi. Ga kuma burkutu, wadda ba ta bukatar jirgi ko kaɗan, tunda dawa tana ko'ina.

Ta haka ne saurayi zai fita daga Birni da la'asar, ya taka 'yar tafiya, ya tarar da duk abin da aka hana shi a gida, da giya da caca da gidajen mata masu zaman kansu. Daga irin wannan zama na kewayen barikin soja da tashar jirgi ne kalmar ɗan bariki ta sami ma'anar da muka san ta da ita. A gaskiya dokar ba ta kawar da giya ba, gusar da ita kawai ta yi zuwa inda hannun Sarki ba ya kaiwa.

Abin da ya rage wa Aliyu shi ne ya tsare Birni, ya kuma yi magana da alƙalami. Waƙar Diga, wadda ya tsara a kan aikin shimfiɗa hanyar jirgi, tana cikin shahararrun rubutattun waƙoƙin Hausa da suka nuna yadda sabon zamani ya girgiza zaman jama'a. Bai kuma taɓa jituwa da Likita Mila ba, ɗan mishan ɗin da ya zauna cikin Birni tun 1905, wanda ya yi ta kai ƙararsa wurin hukuma.

A shekarar 1920, wadda a cikinta ne Amurka ta fara aiki da tata dokar hana giya, Turawa suka tuɓe shi bisa zargin zalunci da harkar bayi, suka naɗa Dalhatu na gidan Barebari. Aka kai shi Lokoja, garin da aka kai Kwasau gabaninsa, a can kuma Allah ya yi masa rasuwa cikin 1924.