MARIGAYI RUDOLF DASHEK, MAKAƊIN JITA NA BIRNIN FIRAG

Ranar 27 ga watan Agusta 1933 aka haifi Rudolf Dashek a birnin Firag na ƙasar Cekosulobakiya, watau ƙasar da aka raba biyu a 1993, rabinta ya zama Jamhuriyar Cek. Sana'arsa kaɗa jita, kuma kiɗan jaz ya bi, kiɗan nan da baƙaƙen fata na Amurka suka ƙago.

To, zaɓen wannan kiɗa a can ba ƙaramar kasada ba ce. Yana yaro sojan Hitila suka mamaye ƙasar, su kuwa sun tsani jaz. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1948, su ma kallon kayan abokan gaba suka yi masa, sai daga baya suka ɗan sassauta.

Wani abin da ya burge ni game da shi, sai da ya kai shekara 29 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Firag, a 1962. Gemu dai bai hana shi neman ilmi ba. Ya yi shekara huɗu a hannun malam Milan Zelenka yana koyon jita irin ta gargajiyar Turai. A wannan zamani ya kafa ƙungiyarsa ta mutum uku, ya kuma yi aiki da Karel Belebni, uban makaɗan jaz na zamani a ƙasar.

A 1968, shekarar da tankokin Rasha suka shiga Firag, Dashek ya sami aiki a Barlin ta Yamma, a ƙungiyar Lu Benet, wani Ba'amurke mai kaɗa ogan. Nan ya goga kafaɗa da manyan makaɗan Amurka mazauna Turai. Duk wanda ya taɓa cin rani ya san yadda zuciya kan rabu biyu in abinci ya samu a garin wani. Dubban 'yan ƙasarsa da suka fita a lokacin ba su waiwayo ba. Shi kuwa bayan shekara biyu ya tattara ya koma gida, alhali hukuma ta sake ɗaure fuska.

Komawar nan ita ta haifi aikin da aka fi saninsa da shi. Shi da Yirji Sitibin, mai busa sarewa, suka kafa ƙungiyar mutum biyu mai suna System Tandem. Ba ganga, ba mawaƙi. Jita ita ce ke riƙe taki, ita ce kuma ke amsa wa sarewa, sa'an nan su kan ɗauko karin waƙoƙin ƙauyukan ƙasarsu su juya su yadda suka ga dama nan take a gaban jama'a. Irin wannan kiɗa ba inda mutum zai ɓoye kuskure. Har kamfanin JAPO na Jamus ta Yamma ya buga musu faifai, aka riƙa gayyatarsu bukukuwan jaz a ƙasashen Turai.

Daga baya ya shafe shekaru masu yawa suna kiɗa da Toto Bulanke, Bajamushe, jita biyu kawai, ɗaya daga gabashin shingen da ya raba Turai, ɗaya daga yammacinsa.

Dashek ya rasu a Firag ran 1 ga Fabrairu 2013 yana da shekara 79. Abokin nasa Bulanke ya bi shi a watan Oktoba na shekarar.