Muhammadu Kanta: Ɗan damben da ya kafa daular Kabi

Duk wanda ya tashi a kwarin Rima, daga Gwadangaji har Argungu, ya san sunan Kanta tun yana ƙarami. Sai dai ba kowa ne ya san cewa ruwayoyin Kabawa sun fara gabatar da shi a fagen dambe da kokawa ba, tun kafin su kai shi fagen fama.

Sunansa Muhammadu Kotal, kuma ruwayoyin baka sun danganta asalinsa da Kuyambana ta ƙasar Katsina. An ce bai samu gadon sarautar gidansu ba, don haka ya bar gida ya nausa yamma, ya zauna cikin Fulani makiyaya yana bin shanu. A nan, yana baƙo, ya ƙware a wasannin ƙarfi har ya rasa abokin karawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wancan zamani fagen wasa shi ne inda ake tantance mazaje. Ɗan dambe yakan naɗe hannu guda da zare ya kai naushi da shi, ya tare da ɗayan, a wasu wuraren har ya haɗa da shuri. A yau matafiya na kashe maƙudan kuɗi su je Tailan koyon dambensu na gargajiya mai haɗa hannu da ƙafa, kuma su ma mutanen can suna da nasu gwarzon, Nai Khanom Tom, wanda aka ce ya kayar da 'yan damben Bama goma a jere a 1774, yana fursunan yaƙi. Labarin Kanta ya girme wannan da fiye da shekara 250.

Samarin da ya kayar, da waɗanda suka ji labarinsa, su ne suka zama mabiyansa na farko. Daga nan tarihinsa ya shiga littattafai. Tarikh al-Sudan na Abdurrahman Sa'adi ya ambace shi a matsayin mai mulkin Leka, wanda ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas. Da aka dawo, sai rabon ganima ya haɗa su rigima. Kanta ya ga an tauye masa haƙƙinsa, ya yi tawaye a wajejen 1516, a lokacin da Songhai ke ganiyar ƙarfinta. Rundunar da aka tura masa ba ta iya tanƙwara shi ba. Askiya Muhammadu Bankana, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537, ya sake gwadawa da kansa, ya sha mummunan kaye a Wantarmasa.

Kanta ya gina Surame ya mai da ita babban birninsa, ya kewaye ta da ganuwa ta dutse da ƙasa. Ba a gina ta da lallashi ba. Ruwaya ta ce an tilasta wa ƙasashen da ya ci su aiko da ma'aikata, Abzinawa kuma aka ɗora musu jigilar ruwa a kan raƙumansu. Jarumtar da ake yabo da tsananin da ake tsoro duk na mutum ɗaya ne.

Ƙarshensa ya zo ne ta gabas. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa Sarkin Barno ya kawo wa Surame hari, Kanta ya bi sawunsa har Nguru ya fatattaki rundunarsa. A hanyar komawa gida ya yi arangama da wasu mutane a ƙasar Katsina, kibiya ta same shi, raunin ya zama ajalinsa. Mutanensa suka ɗauko gawarsa zuwa Surame. Wannan ya faru a tsakiyar ƙarni na 16.

Daga baya Kabawa sun koma Birnin Kebbi, wadda ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, sannan Argungu ta zama mazaunin sarautarsu. Surame kuwa ta zama kufai a cikin jihar Sakkwato ta yau, an kuma ayyana ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Tsohuwar fadar Argungu, wadda aka mayar gidan tarihi a 1958, sunansa take ɗauke da shi, kuma a cikinta ake binne sarakunan Kabi.